Frederick Douglass (1818-1895): Rayuwarsa da Gudummawarsa ga Tunanin Siyasar Amurka

1.0 Gabatarwa

An kafa ƙasar Amurka ne bisa manyan takardu guda biyu. Ta farko ita ce shelar 'yancin kai ta shekarar 1776, wadda Thomas Jefferson ya tsara daftarinta, inda aka bayyana cewa an halicci mutane daidai wa daida, kuma kowane mutum yana da haƙƙin rayuwa da walwala wanda babu mai ikon ƙwace masa. Ta biyu ita ce kundin tsarin mulki da aka rubuta a birnin Filadelfiya a shekarar 1787. Sai dai a daidai lokacin da ake rubuta waɗannan takardu, akwai dubban ɗaruruwan baƙar fata da ke cikin ƙangin bauta a ƙasar, kuma shi kansa Jefferson yana da bayi masu yawa a gandunsa. Ƙidayar farko da aka yi a 1790 ta nuna bayi kusan 700,000, kafin 1860 kuwa adadinsu ya kusa miliyan 4. Wannan saɓani tsakanin abin da aka rubuta da abin da ake aikatawa shi ne babban al'amarin da masu tunanin siyasa a Amurka suka yi ta kai-kawo a kansa cikin ƙarni na 19.

A wannan babi za a duba rayuwar Frederick Douglass, mutumin da aka haifa bawa, ya koyi karatu a ɓoye, ya tsere daga hannun iyayengijinsa, daga bisani ya zama ɗaya daga cikin fitattun masu fasahar magana da rubutu da Amurka ta taɓa yi. Tarihinsa yana da amfani ga ɗalibin da ke shirin zama malami, domin koyon baƙaƙe shi ne mafarin duk abin da ya biyo baya a rayuwarsa.

1.1 Haihuwarsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Douglass a gundumar Talbot ta jihar Maryland cikin watan Fabrairu na shekarar 1818. Sunan da aka raɗa masa shi ne Frederick Augustus Washington Bailey. Mahaifiyarsa, Harriet Bailey, baiwa ce, mahaifinsa kuma Bature ne, har ma ana raɗe-raɗin cewa ubangidansa ne. Bisa dokar wancan zamani, ɗa yana bin matsayin uwarsa ne, saboda haka ya zo duniya a matsayin dukiyar wani mutum mai suna Aaron Anthony. An raba shi da mahaifiyarsa tun yana jariri, aka bar shi a hannun kakarsa Betsy Bailey. Sau kaɗan ya ga mahaifiyar tasa, yawanci da dare, bayan ta yi doguwar tafiya a ƙasa daga gonar da take aiki, kuma ta rasu yana ƙaramin yaro.

Da ya kai kimanin shekara shida, sai aka kai shi babban gandun Kanar Edward Lloyd, inda Aaron Anthony yake aikin kula da gonaki. A can ne ya fara ganin bulala da yunwa da tsiraici a matsayin abubuwan yau da kullum. A shekarar 1826 aka tura shi birnin Baltimore don ya yi hidima a gidan Hugh Auld da matarsa Sophia. Wannan ƙaura ce ta sauya alƙiblar rayuwarsa.

1.2 Yadda Ya Koyi Karatu da Rubutu

Sophia Auld ba ta taɓa mallakar bawa ba kafin wannan lokaci, don haka ta ɗauki yaron kamar kowane yaro, ta fara koya masa baƙaƙe. Da mijinta ya gane, sai ya hana ta, yana mai nuna mata cewa bawan da ya iya karatu ba zai ƙara zaman bauta da daɗin rai ba. Douglass yana tsaye yana saurare. Abin da ya fahimta shi ne, jahilci na daga cikin igiyoyin da ake ɗaure bawa da su, kuma abin da ubangida yake tsoro shi ne ya kamata bawa ya nema. Daga ranar ya ƙudiri aniyar ƙarasa karatun da kansa.

Dabarun da ya bi sun cancanci malami ya tsaya ya nazarce su. Yakan ɗauki burodi daga gida ya ba 'ya'yan talakawan Turawa da ke unguwar, su kuma su biya shi da darasi. A wurin da ake sassaƙa jiragen ruwa, ya lura da haruffan da kafintoci ke rubutawa a jikin katako don nuna ɓangaren jirgin da za a kafa shi, sai ya riƙa kwaikwayonsu da alli a jikin bango da shinge. In ya haɗu da yaro ɗan makaranta, sai ya ƙalubalance shi su yi gasar rubutu, ta haka ya riƙa samun sababbin haruffa. Idan kuma mutanen gida sun fita, yakan ɗauki tsofaffin littattafan rubutu na ɗan ubangidansa ya yi ta kwafa a tsakanin layuka. Yana da kimanin shekara 12 ya tara kuɗi ya sayi wani littafin koyon jawabi mai suna The Columbian Orator, wanda ya ƙunshi jawabai kan 'yanci da wata muhawara tsakanin bawa da ubangidansa. Daga wannan littafi ya sami kalmomin bayyana abin da yake ji a zuciyarsa, ya kuma koyi yadda ake jera hujja.

1.3 Wahalar Gona da Tserewa

A shekarar 1833 aka mayar da shi karkara, hannun Thomas Auld, wanda a farkon 1834 ya ba da hayarsa ga Edward Covey, manomin da ya yi suna wajen karya lagon bayi masu taurin kai. Watanni shida Covey yana dukansa kusan kowane mako. Wata rana cikin Agusta sai Douglass ya ƙi yarda a ɗaure shi, suka yi ta kokawa kusan awa biyu, kuma daga ranar Covey bai ƙara ɗaga masa bulala ba. A rubuce-rubucensa ya ɗauki wannan rana a matsayin ranar da mutuncinsa ya dawo masa. A shekara ta gaba, a gonar William Freeland, ya buɗe makarantar Lahadi a asirce, inda ya koya wa 'yan'uwansa bayi fiye da 40 karatu. A 1836 ya shirya gudu tare da wasu daga cikinsu, asiri ya tonu, aka tsare shi a kurkuku, sannan aka sake mayar da shi Baltimore.

A can ya koyi sana'ar toshe tsagar katakon jiragen ruwa. A 1838 Hugh Auld ya yarda ya riƙa neman aiki da kansa, bisa sharaɗin ya kawo dala 3 kowane mako, ya kuma ci da kansa. Wannan tsari ya yi kama da abin da aka sani a ƙasar Hausa da murgu. A wannan lokaci ne ya haɗu da Anna Murray, baƙar fata 'yantacciya, wadda ta taimaka masa da kuɗin guzuri. Ranar 3 ga Satumba, 1838, ya sa tufafin matuƙan jirgin ruwa, ya riƙe takardar shaidar wani matuƙi, ya shiga jirgin ƙasa. Kafin cikar awa 24 ya isa birnin Niyok. Anna ta same shi a can aka ɗaura musu aure, suka wuce garin New Bedford na jihar Massachusetts, inda ya ɗauki sunan Douglass don ɓatar da sawu.

1.4 Shigarsa Gwagwarmayar Hana Bauta

A New Bedford ya yi aikin ƙarfi iri-iri, yana kuma wa'azi a cocin baƙar fata. Nan ya fara karanta jaridar The Liberator ta William Lloyd Garrison, jagoran masu neman a soke bauta nan take. A watan Agusta na 1841, a wani taro da aka yi a tsibirin Nantucket, aka nemi ya faɗi abin da ya gani a zaman bauta. Jawabin ya ratsa mutane ƙwarai, har ƙungiyar yaƙi da bauta ta Massachusetts ta ɗauke shi aikin yawon lacca. Aikin yana da haɗari. A 1843, a garin Pendleton na jihar Indiyana, 'yan iska suka far wa taronsu, suka karya masa hannun dama.

Wata matsala kuma ta taso daga wajen masu sauraro. Fasaharsa ta sa wasu suka fara shakkar cewa ya taɓa zama bawa, wasu abokan tafiyarsa ma suka shawarce shi ya riƙa ba da labari kawai, ya bar musu sharhi. Amsar da ya bayar ita ce littafin tarihin rayuwarsa na farko, wanda ya fito a 1845, inda ya ambaci sunayen iyayengijinsa da wuraren da ya zauna. An sayar da kofe 5,000 cikin wata huɗu. Da yake littafin ya fallasa inda yake, sai ya ƙetare zuwa Ailan da Birtaniya, ya shafe kusan shekara biyu yana lacca. A 1846 wasu masoyansa a Ingila suka tara fam 150 suka fanshe shi daga iyalan Auld. Ya koma gida a 1847, ya zauna a birnin Rochester, ya kafa jaridarsa mai suna The North Star, wato tauraruwar arewa, wadda bayi masu gudu ke bi da dare don gane hanya.

1.5 Muhawara Kan Kundin Tsarin Mulki

A nan ne babbar gudummawar Douglass ga tunanin siyasa ta bayyana. Garrison da mabiyansa suna ganin kundin tsarin mulkin Amurka yarjejeniya ce da aka ƙulla da masu bayi. Hujjarsu kuwa tana da ƙarfi, domin kundin ya tanadi a ƙidaya kashi uku cikin biyar na bayi wajen raba kujerun majalisa, ya hana majalisa dakatar da shigo da bayi kafin 1808, ya kuma wajabta mayar da wanda ya gudu daga aikin da ake binsa. Saboda haka suka ƙaurace wa zaɓe, suka nemi jihohin Arewa su raba gari da na Kudu. A 1854 Garrison ya ƙona kofen kundin a bainar jama'a.

Da farko Douglass yana kan wannan ra'ayi. Amma bayan ya yi nazarin rubuce-rubucen Lysander Spooner da William Goodell, ya kuma yi doguwar tattaunawa da Gerrit Smith, sai ya bayyana sauya matsayinsa a 1851. Hujjar tasa ta shafi harshe ne da ma'ana. Ya nuna cewa kalmar bawa ko bauta ba ta fito ko sau ɗaya a cikin kundin ba, kuma gabatarwarsa ta yi magana ne da sunan jama'a baki ɗaya, ta ambaci adalci da 'yanci a matsayin manufa. A ganinsa, doka tana ɗaure mutane ne da kalmomin da aka rubuta aka amince da su, ba da wata niyya da marubutan suka ɓoye a zukatansu ba. Idan kuma lafazi ya ɗauki ma'ana biyu, wajibi ne a rinjayar da wadda ta fi kusa da 'yanci. Ya ƙara da cewa rabuwar Arewa da Kudu za ta wanke hannun mutanen Arewa ne kawai, ta bar bayi a hannun iyayengijinsu. Abin da ya dace shi ne a shiga zaɓe a karɓi ragamar gwamnati. Wannan sauyi ya raba shi da Garrison, aka yi ta musayar zafafan kalamai a jaridu.

Jawabinsa na ranar 5 ga Yuli, 1852, a Rochester, shi ne ya fi fito da wannan tunani. An gayyace shi ne don bikin 'yancin kan ƙasa. Ya fara da yaba wa waɗanda suka kafa Amurka da ƙa'idojin da suka shimfiɗa, sannan ya juya ya nuna cewa ga bawa, wannan biki tuni ne na irin zaluncin da ake yi masa, musamman bayan dokar 1850 da ta tilasta wa mutanen Arewa taimakawa wajen kama bayin da suka gudu. Ya rufe da nuna cewa maganin cutar yana cikin ƙa'idojin da ƙasar ta yi iƙirarinsu da bakinta. Ko da kotun ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Dred Scott a 1857 cewa baƙar fata ba zai zama ɗan ƙasa ba, Douglass bai janye daga wannan matsayi ba.

Irin wannan tunani ne ya sa ya ƙi shirin kwashe baƙar fata zuwa Laberiya, ya kuma saɓa wa tsohon abokin aikinsa Martin Delany, wanda ya ziyarci Abekuta a 1859 don neman wurin da za su zauna. A wurin Douglass, guminsu da jininsu sun riga sun shiga ginin Amurka, don haka a can haƙƙinsu yake.

1.6 Yaƙin Basasa da Abin da Ya Biyo Baya

A 1859 John Brown ya nemi Douglass ya bi shi kai hari rumbun makamai na Harpers Ferry. Ya ƙi, domin yana ganin tarko ne, amma duk da haka sai da ya tsere zuwa Kanada da Birtaniya bayan harin ya ci tura. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1861, Shugaba Abraham Lincoln ya ce manufarsa ita ce ceto haɗin kan ƙasa. Douglass ya yi ta sukarsa, yana mai cewa bauta ce tushen yaƙin, kuma ba za a ci nasara ba sai an tumɓuke ta. Bayan shelar 'yanta bayi ta 1 ga Janairu, 1863, ya shiga aikin ɗaukar baƙar fata soja, 'ya'yansa biyu, Lewis da Charles, suna cikin waɗanda suka fara shiga. A watan Agusta na wannan shekara ya gana da Lincoln a fadar shugaban ƙasa, ya kai kukan bambancin albashi, domin ana ba sojan baƙar fata dala 10 a wata a cire 3 kuɗin kaki, Bature kuwa yana karɓar 13. Kafin ƙarshen yaƙin, baƙar fata kimanin 180,000 sun yi aikin soja a rundunar Arewa.

Bayan yaƙi aka yi wa kundin tsarin mulki gyara uku. Na 13 a 1865 ya soke bauta, na 14 a 1868 ya ba duk wanda aka haifa a ƙasar matsayin ɗan ƙasa, na 15 a 1870 ya hana tauye ƙuri'a saboda launin fata. Douglass ya dage a kan ƙuri'a, domin a ganinsa wanda aka 'yanta aka hana shi zaɓe yana nan a hannun tsohon ubangidansa. Wannan ya jawo saɓani tsakaninsa da Elizabeth Cady Stanton da Susan Anthony, waɗanda suka ƙi gyara na 15 saboda bai haɗa da mata ba. Shi kuwa tun a taron Seneca Falls na 1848 ya goyi bayan ƙuri'ar mata, amma ya ga cewa kashe-kashen da ake yi wa baƙar fata a Kudu sun sa buƙatarsu ta fi gaggawa. A 1869 kuma ya kare haƙƙin 'yan Sin na shigowa Amurka, yana mai bayyana ƙasar a matsayin al'umma da aka haɗa daga jinsuna daban-daban.

1.7 Ƙarshen Rayuwarsa

Bayan gidansa na Rochester ya ƙone a 1872, sai ya koma birnin Washinton. A 1874 aka naɗa shi shugaban bankin ajiya na 'yantattun bayi, bankin da ya riga ya ruɓe kafin zuwansa, ya kuma durƙushe cikin 'yan watanni, dubban talakawa suka yi asarar ajiyarsu. Ya riƙe muƙamin babban jami'in kotun tarayya na gundumar babban birni daga 1877, da na magatakardan rajistar filaye daga 1881, sannan ya zama jakadan Amurka a Haiti daga 1889 zuwa 1891. Anna ta rasu a 1882, bayan shekara biyu ya auri Helen Pitts, Baturiya, auren da ya jawo masa suka daga ɓangarorin biyu.

Masana tarihi sun yi masa wasu gyare-gyare. Ya ci gaba da biyayya ga jam'iyyar Rifablikan ko bayan da ta janye hannu daga kare baƙar fata a Kudu a 1877, ya kuma soki ƙaurar da dubban baƙar fata suka yi zuwa Kansas a 1879 alhali tsira suke nema. Duk da haka, a shekarunsa na ƙarshe ya haɗa kai da 'yar jarida Ida B. Wells wajen yaƙi da kisan gilla da gungun Turawa ke yi wa baƙar fata ba tare da shari'a ba. Ya rasu ranar 20 ga Fabrairu, 1895, jim kaɗan bayan ya dawo daga wani taron mata a Washinton, aka binne shi a Rochester. Shekara guda bayan rasuwarsa kotun ƙoli ta halatta wariyar launin fata a shari'ar Plessy, hukuncin da aka ci gaba da aiki da shi a makarantu har zuwa 1954.

1.8 Kammalawa

Za a iya taƙaita tunanin Douglass cikin abubuwa huɗu. Na farko, kowane mutum shi ne mamallakin kansa, kuma wannan haƙƙi ya riga kowace doka. Na biyu, zama ɗan ƙasa ba ya rataya ga launi ko jinsi. Na uku, masu iko ba sa sakin haƙƙin wani sai an matsa musu da magana da rubutu da ƙuri'a. Na huɗu, ilimi da aiki tuƙuru su ne hanyar ɗaukaka, amma wajibi ne hukuma ta tabbatar an yi wa kowa adalci. Masu ra'ayin mazan jiya a Amurka sukan jingina da koyarwarsa kan dogaro da kai, masu ra'ayin kawo sauyi kuma su kafa hujja da kiransa ga gwamnati ta kare raunana. Salon da ya bi na tuhumar ƙasa da alkawuran da ta ɗauka da kanta shi ne Martin Luther King ya yi amfani da shi a gwagwarmayar shekarun 1960.

Ga ɗalibi mai shirin shiga aji, akwai abin lura a tarihin nan. Darasin da Sophia Auld ta ba wannan yaro bai daɗe ba, sauran duk ya tsinta ne a titi da jikin katako. Da ya samu kuma bai riƙe shi shi kaɗai ba, ya tara 'yan'uwansa ya koya musu alhali yana sane da cewa bulala ce hukuncin wanda aka kama.

1.9 Auna Fahimta

1. Bayyana hanyoyi uku da Douglass ya bi wajen koyon karatu da rubutu, ka nuna abin da malamin firamare zai amfana da shi daga kowace.
2. Kwatanta ra'ayin Garrison da na Douglass game da kundin tsarin mulkin Amurka. Wanne ne ya fi gamsar da kai, kuma don me?
3. Me ya sa Douglass ya ƙi shirin mayar da baƙar fatan Amurka zuwa Afirka?
4. Tattauna dalilan saɓanin da ya auku tsakaninsa da masu neman ƙuri'ar mata a kan gyara na 15.